Gwanintar Awo a Ɗakin Gwaje-gwaje

Wanda ya karanta kemistiri ko fiziks a jami'a yakan fito da abubuwa da dama a ka: dokoki, lissafi, da sunayen sinadarai masu karya harshe. Amma akwai wata gwaninta da ke zama a hannu da ido, wadda ba a rubuta ta a takardar digiri, ita ce iya awo. Abin da nake nufi shi ne mutum ya auna abu ya faɗi adadinsa, sannan ya iya faɗin iyakar inda za a gaskata wannan adadi. Karanta lamba a jikin ma'auni kam, mako guda ya isa a koya wa yaro. Sanin gwargwadon gaskiyar lambar shi ke cin shekaru, tun daga ajin farko har digirin digirgir, kuma a duk abin da ake koyarwa a waɗannan sassa biyu babu wanda ya kai shi burge ni.

A kemistiri, inda ake fara horar da hannu shi ne taitireshan. Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO a ajin kimiyya ya taɓa yin sa, ko da sau ɗaya ne. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai biyuret, dogon bututun gilashi mai zanen ma'auni a jiki da ɗan famfo a ƙasa, wanda yawanci ke cin mililita 50. Akwai fifet, siririn bututu mai ƙullutu a tsakiya, da aka ƙera don ya ɗebi adadi guda tak, galibi mililita 25. Sai kwalba mai faɗin gindi da tsukakken baki, inda ruwan biyu ke haɗuwa. Manufar ita ce a gano ƙarfin wani ruwa da ba a sani ba, ta hanyar kashe shi da wani ruwan da aka san ƙarfinsa. Asid a sama, alkali a ƙasa, ana sako na saman kaɗan-kaɗan har ya cinye na ƙasan daidai wa daida. Da yake dukkansu garai-garai suke, ido ba zai ga lokacin da suka yi kunnen doki ba, shi ya sa ake ɗiga wani sinadari mai sauya launi a cikin kwalbar. Wani yakan tashi daga rawaya ya koma ruwan lemo, wani kuma yana ruwan hoda sai ya ɓace ɗungurungum.

Da baki abin ba wuya. Sai ka tsaya kusa da wanda ya iya za ka gane akwai aiki. Hannun hagu na riƙe da famfo, yatsu sun kewayo shi ta baya don kada a fisgo shi ya yi yoyo. Hannun dama na juya kwalba ba tsayawa. Ido kuwa ba ya kan ma'auni ko kaɗan, yana kan launin ruwan da ke ƙasa, inda aka shimfiɗa farar takarda don a gani sosai. Zubin farko na leƙen hanya ne, ana yin sa da sauri don a san wajen inda abin zai tsaya. A na biyu sai a saki famfo har a zo kusa da wurin, daga nan a koma ɗigo-ɗigo. Duk inda asid ya faɗa za ka ga launi ya ɗan sauya ya koma. Da farko nan take yake komawa, can sai ya fara jinkiri. Wannan jinkirin shi ne gargaɗi, kuma gwani ba ya bari ya wuce shi. Ɗigo ɗaya daga bakin biyuret kusan mililita 0.05 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyar na abin da ake aunawa, amma a wannan gaɓa ko shi ya yi yawa. Sai ka ga ya murɗa famfo kaɗan, rabin ɗigo ya tsaya a rataye, ya goga shi a bangon kwalba, ya wanke shi zuwa ciki da tataccen ruwa. Launi ya juya bai koma ba, shi ke nan an kai.

Karanta ma'aunin ma da ladabinsa. Ruwa a cikin siririn gilashi ba ya kwanciya sumul, yakan lotsa a tsakiya, kuma ƙasan lotsawar ake karantawa, ido na daidai da shi. Wanda ya leƙa daga sama da wanda ya ɗaga kai daga ƙasa lambobi biyu daban za su kawo daga biyuret ɗaya. Ba a kuma yarda da sakamako sai an samu zubi biyu ko uku da saɓaninsu bai wuce mililita 0.1 ba.

Akwai tambayar da ke raba ɗalibin da ya haddace da wanda ya fahimta. Me ya sa ake ɗauraye biyuret da asid, a ɗauraye fifet da alkali, amma kwalbar ƙasa sai da tataccen ruwa kawai? Dalilin shi ne, ruwan wankin da ya saura a biyuret zai sirka asid ɗin, ƙarfinsa ya ragu ba wanda ya sani, haka ma fifet. Ita kuwa kwalbar ƙasa, abin da ya shige ta an riga an ƙidaya shi. Ƙarin ruwa ba zai ƙara ko ya rage yawan alkalin da ke ciki ba, amma ɗauraye ta da alkali ƙari ne a kan ƙidayar. Ɗan ragowar da ke maƙalewa a bakin fifet ma ba a hura shi ciki, don wanda ya ƙera bututun ya riga ya cire shi daga lissafi. Kowane motsi a wannan aiki da hujjarsa, kuma ranar da ɗalibi ya fara ganin hujjojin da kansa, ranar ya fara zama masani.

Kada kuma a ɗauka wasan makaranta ne. Da taitireshan ake duba ko aidin ɗin da ke cikin gishiri ya kai ƙa'ida. Da shi ake auna yadda man gyaɗa ya fara lalacewa, da nauyin ruwan rijiya, da yawan sinadaran da ke cikin kanwa. Hanyar da Johan Kjeldahl ya fito da ita a Kofanhegan a 1883, wadda har gobe ake auna naitirojin na taki da furotin na abinci da ita, da taitireshan take ƙarewa.

To, a nan mai hankali zai yi tambaya: shi ruwan da aka ce an san ƙarfinsa, ta yaya aka sani? Sodar da masu sabulu ke aiki da ita, wadda ita ce alkalin da aka fi amfani da shi a ɗakin gwaji, ba a amince da nauyinta, domin tana kan sikeli tana zuƙar danshi da iskar kabon daga sarari, nauyinta na ƙaruwa kana kallo. Dole a nemi wani sinadari mai tsabta wanda ba ya sauyawa, a busar da shi a tanda, a auna shi a sikeli mai gane kashi ɗaya cikin dubu goma na giram, a gwada asid da shi, sannan a gwada sodar da asid ɗin. Sikelin shi ma ana gwada shi da ma'aunan ƙarfe da aka tantance, su kuma an tantance su da wasu na sama da su. Daga 1889 wannan sarƙa tana ƙarewa ne a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ke ajiye a kusa da birnin Faris, wanda duniya ta yarda shi ne kilo ɗaya. Ranar 20 ga Mayu, 2019 aka sauke masa wannan nauyi, aka ɗora ma'anar kilo a kan wata tabbatacciyar lamba ta fiziks mai ɗauke da sunan Max Planck. Ɗalibar da ke auna gari a Sakkwato ko Yamai, ko ta sani ko ba ta sani ba, tana riƙe da bakin wannan sarƙa ne.

A sashen fiziks, darasin yakan zo ta hanyar lilo: ɗan dunƙulen ƙarfe da aka rataye da zare, da agogon ƙidayar daƙiƙa, da rula. Ana so a gano ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, wanda littafi ya ce yana ƙara wa abin da ke faɗowa gudun kusan mita 9.8 a daƙiƙa, a cikin kowace daƙiƙa. Zare mai tsawon mita ɗaya kan ɗauki kusan daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo. Yatsan ɗan Adam kuwa, tsakanin ganin abu da danna agogo, yakan makara da wajen kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Ke nan wanda ya auna zuwa da dawowa sau ɗaya, kuskurensa na iya kai kashi 10 cikin ɗari. Dabarar ita ce a bar lilon ya je ya dawo sau 20, a auna jimillar, kusan daƙiƙa 40, a raba. Makarar yatsa tana nan yadda take, amma yanzu rabin kashi ɗaya cikin ɗari ce kawai. Sai dai da yake a lissafin ana ninka lokacin da kansa, kuskuren ma ninkuwa yake yi, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Saboda haka idan kalkuleta ta zubo 9.7436218, ɗalibin da ya iya ba zai kwafe jerin duka ba. Zai rubuta 9.7, ya ƙara da cewa amsar na iya hawa ko sauka da 0.1. Sauran lambobin na kalkuleta ne, hannunsa bai auno su ba, ba shi da ikon shaidarsu.

Ƙananan dabaru suna da yawa a nan ma. Ana fara ƙidaya daga sifili, don wanda ya fara da ɗaya zai ƙare da 19 yana zaton 20 ne. Ana danna agogo lokacin da ƙarfen ke gilmawa ta tsakiya da gudu, domin a ƙarshen lilo yakan yi sanyi har a kasa gane ainihin lokacin da ya juya. Ba a kuma ja shi da nisa, don lissafin da ake amfani da shi na ɗan ƙaramin lilo ne. Amma dabarar da ta fi ƙayatar da ni ita ce ta zane. Maimakon a tsaya a tsawo ɗaya, sai a riƙa sauya tsawon zaren ana awo, a ɗora sakamakon a takardar giraf, tsawon zare a gefe guda, lokacin da aka ninka da kansa a ɗaya gefen. Ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi, kuma ya kamata layin ya bi ta sifili. Idan ɗalibi ya riƙa auna zaren zuwa saman ƙarfen, alhali zuwa tsakiyarsa ya kamata, duk awonsa ya gaza da ɗan adadi iri ɗaya. Layin zai goce daga sifili, ya tona asirin kuskuren, har ya nuna girmansa. Gangaren layin kuwa, wanda daga shi ake ciro amsar, ba zai taɓu ba. Wato an tsara aikin ta yadda kuskuren da mutum bai san ya yi ba zai fito fili kuma ya kasa yin ɓarna. Duk wanda ya fara tunanin wannan, Allah Ya ba shi basira.

Lambar da ake nema ɗin ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A 1672 wani Bafaranshe mai nazarin taurari, Jean Richer, ya tafi Kayen a Kudancin Amurka da agogon lilo da aka saita a Faris, sai ya ga yana makara da kusan minti biyu da rabi kowace rana. Bai ɗora laifin a kan agogo ba, ya auna ya rubuta. Daga baya Newton ya yi amfani da wannan awo wajen nuna cewa jan ƙasa ya fi rauni kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, saboda juyawarta da kuma kumburin da take da shi a wurin. A Faris adadin kusan 9.81 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.83, a Kano kuwa kusan 9.78.

Daga waɗannan gwaje-gwaje biyu ɗalibi ke koyon cewa kuskure iri biyu ne. Akwai mai warwatsuwa, yau sama gobe ƙasa, kamar makarar yatsa. Maganinsa maimaici da ɗaukar matsakaici, ko da yake maganin na da tsada: kafin a rage warwatsuwar da rabi sai an ninka yawan awo sau huɗu, kafin a rage ta sau goma sai an ninka sau ɗari. Akwai kuma mai karkata gefe ɗaya, shi ne mugun. Mudun da aka buga wa gindi, ko sau dubu ka auna da shi, kullum a tauye zai ba ka, kuma kullum amsarsa iri ɗaya ce, har ka ɗauka gaskiya ce. Ba a kama irin wannan sai an gwada da wani mudun, ko an bi wata hanya daban zuwa ga amsar.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin bin hanya biyu, a ganina, shi ne Lord Rayleigh, masanin fiziks na Ingila. Ya shafe shekaru yana auna nauyin iskoki a ɗakin gwajin da ke gidansa. Da ya zo kan naitirojin sai ya samo ta ta hanyoyi biyu. Ta farko, ya ɗebi iskar da muke shaƙa, ya bi da ita ta kan jan ƙarfe mai zafi ya cire oksijin, ya cire danshi da iskar kabon, abin da ya saura a sanin wancan zamani naitirojin ce zalla. Ta biyu, ya fitar da ita daga sinadarai irin su amoniya. Ya cika ƙwallon gilashi ɗaya da kowace, ya ɗora a sikeli. Ta iska ta fi nauyi. Da farko bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu, kuma a 1892 ya rubuta wa mujallar Nature wasiƙa yana neman masana kemistiri su taimaka masa da bayani. Da ya ƙara tace hanyar tasa, bambancin ya ƙaru zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyu: giram 2.310 a gefe guda, 2.299 a ɗaya gefen. Miligiram 11 ke nan.

Mutum nawa ne za su tsaya a kan miligiram 11? Da yawa za su haɗa lambobin biyu su raba, su buga sakamako su wuce. Abin da ya hana Rayleigh shi ne ya san sikelinsa. Ya maimaita awon sau da yawa, ya ga saɓanin da ke tsakanin awon rukuni ɗaya ya gaza wannan tazara nesa ba kusa ba. Lambobin sun rabu gida biyu, babu mai tsallakawa. Ya bi zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya: ko oksijin ta saura a cikin mai nauyin, ko haidirojin ta shiga mara nauyin. Ya sauya sinadaran da yake ciro iskar daga cikinsu, ya ajiye ta watanni ya sake aunawa, tazarar ba ta motsa ba. Sai William Ramsay, masanin kemistiri a Landan, ya shigo aikin. Ya riƙa bi da naitirojin ɗin iska ta kan maganiziyom mai zafi, wanda ke shanye ta, har ya rage saura wata 'yar iska da ta ƙi haɗuwa da komai. Da aka duba haskenta, layukan da ta fitar ba su dace da na wani sinadari da aka sani ba. A watan Agustan 1894, a wani taron masana a Oksifod, suka sanar da gano sabuwar iska, agon. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kowa ke shaƙa ita ce, amma ba wanda ya san da ita. Abin da ya ƙara ba ni sha'awa, tun 1785 Henry Cavendish ya lura da wani ɗan kumfan iska da ya ƙi ƙarewa a gwajinsa, ya rubuta cewa bai wuce kashi ɗaya cikin 120 ba. Bai san mene ne ba, amma bai share shi ba, kuma rubutun nasa ya yi amfani bayan fiye da shekara ɗari. A 1898 Ramsay da Morris Travers suka ƙara gano niyon da kiriptan da zinon. A 1904 aka ba Rayleigh lambar Nobel ta fiziks, Ramsay kuma ta kemistiri.

A digiri na farko amsar tana nan a littafi, malami ma ya san ta, aikin ɗalibi shi ne ya isa gare ta da hannunsa. A digiri na biyu da na digirgir abin ya sauya, domin yanzu ana auna abin da ba wanda ya san amsarsa. Na'urori ma sun girma. Akwai mai gane ƙarfe ta hanyar hasken da yake shanyewa a cikin harshen wuta, wadda Alan Walsh ya ɓullo da ita a Ostireliya a shekarun 1950, ita ce kuma mafi yawan masu binciken gurɓatar ruwa da ƙasa a jami'o'inmu ke dogaro da ita. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, inda ake harbin samfuri da niyutiron a karanta abin da ke cikinsa. Haɗarin na'ura shi ne ba ta taɓa ƙin ba da lamba. Ko an saita ta ko ba a saita ba, za ta rubuto amsa tsaf a fuskar kwamfuta. Saboda haka ƙwararre ba ya sa samfurinsa sai ya fara ba ta ruwan da ya haɗa da kansa, wanda ya san ƙarfinsa, hawa-hawa, ya ga yadda take amsawa. Yana haɗawa da samfurin da wata hukuma ta riga ta tantance, ya ga ko zai samo abin da aka ce yana ciki. Sannan yana tafiya da samfurin wofi: kwalba iri ɗaya, asid iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, duk matakan aiki iri ɗaya, sai dai babu abin da ake bincike a ciki. Duk abin da na'ura ta gani a wannan kwalbar, daga kayan aikinsa ya fito.

Samfurin wofi shi ya sauya rayuwar Clair Patterson. Yana ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1940, malaminsa Harrison Brown ya ba shi aikin auna 'yar dalmar da ke cikin duwatsu. Yuraniyom kan rikiɗe ya zama dalma sannu a hankali, da gudun da aka sani, don haka wanda ya auna su biyun zai iya faɗin shekarun dutse. Sai dai duk abin da Patterson ya auna, har kwalbar wofi, dalma ce ke fitowa fiye da kima. Ya bi sawunta ya same ta a ruwan famfo, a gilashi, a ƙurar ɗaki, a tufafinsa da fatar jikinsa. Da ya koma jami'ar Caltech a Kalifoniya sai ya gina ɗakin da ake tace iskar da ke shigarsa, ya riƙa tace asid da ruwansa da kansa. Da haka ya iya auna dalmar wani dutse da ya faɗo daga sama a Arizona, kuma a 1956 ya buga cewa shekarun duniya biliyan 4.55 ne, da yiwuwar hawa ko sauka da miliyan 70. An yi ta sake awon da na'urorin da suka fi nasa, amsar ba ta fita daga cikin iyakar da ya shata ba.

Da ya tsaya nan ma ya isa yabo. Amma tambayar kwalbar wofi ba ta bar shi ba: daga ina wannan dalma take? Ya auna ruwan teku na sama da na ƙasa, ya haƙo tsohuwar ƙanƙara a Girinlan da Antatika, ya nuna cewa dalmar da ke sarari ta yi tashin gwauron zabo tun bayan da aka fara zuba ta a man fetur a shekarun 1920. Ya sha adawa daga masu cin moriyar sana'ar, bai janye lambobinsa ba. Amurka ta haramta fetur mai dalma a motoci a 1996, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021.

Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labarin illar dalma. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. A can ma awo ne ya nuna hanya: wane gida za a kwashe wa ƙasa, wane yaro za a fara ba magani. Likitoci kan fara maganin fitar da gubar idan ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini. 'Yar na'urar da ake yawo da ita ƙauye-ƙauye kuwa iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce nan, ta kasa faɗin adadi. Sai masu aikin suka koma ga darasin ajin farko: a sirka samfurin da jinin da aka tabbatar da tsabtarsa, bisa ma'auni sananne, a auna, a ninka amsar. Hannun da ya iya ɗibar adadi daidai da fifet, a wannan wuri shi ke faɗin yaron da ba zai iya jira ba.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji ɗalibi ya yi wa lambarsa kwaskwarima don ta dace da ta littafi. Na san abin da ke jawo hakan: maki ake nema, lokaci ya ƙure, kuma sau da yawa mutum goma sha ne a kan kayan aiki ɗaya, ɗaya na yi sauran na kwafa. Amma ƙa'idar littafin ɗakin gwaji tsohuwa ce kuma ba ta da wuyar riƙewa. Da biro ake rubutu, a lokacin da ake awon. Ba a yage shafi. Lambar da ake zargi ana ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, a rubuta dalili a gefe. Malamin da ya san aikinsa ya fi daraja 9.5 da aka bayyana inda ta samo rauni a kan 9.8 da ba a san asalinta ba, kuma ya kamata rabon maki ya nuna haka ƙarara.

Kirana ga shugabannin jami'o'inmu da masu ba su kuɗi shi ne, idan za a sayi na'ura ta miliyoyi, a ware kuɗin tataccen ruwa, da sinadaran gwaji masu shaida, da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar aiki, domin in babu su lambobin da za ta fitar ba abin dogaro ba ne. A kuma riƙe ma'aikatan ɗakin gwaji da daraja, a tura su ƙarin horo, don a hannunsu mafi yawan ɗalibai ke koyon wannan sana'a. Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, ranar gwaji kada ku yarda ku tsaya a baya kuna jiran a karanto muku lamba. Ku matsa gaba ku auna da hannunku, ku maimaita, ku rubuta abin da kuka gani.